Cinikin Mota: Kada Ka Tsaya Ƙofa Ɗaya

 

Ni manomi ne, mutumin Sabon Maci, cikin ƙasar Dakoro. Da damina ina gona. Da rani ina ɗan saye da sayarwar hatsi da wake. Ban shiga lakkol ba. Sai da na yi ƴaƴa uku sannan na zauna ajin yaƙi da jahilci, na koyi karatu da rubutu da lissafi. Yau zan ba ka labarin yadda na sayi mota a Maraɗi. Na yi daidai a wasu wurare, na yi kuskure a wani wuri. Duka zan faɗa maka.

Wataƙila ka ce: ni ina ruwana da mota, ko jaki ban da shi? Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Abin da ya yi mini amfani wajen mota zai yi maka amfani ran da za ka sayi babur, ko amalanke, ko injin niƙa.

Kuɗin gida guda

Garinmu yana bakin hanyar da ta taso daga wajen Maraɗi ta nufi Kornaka da Dakoro. Kowace ranar kasuwa muna biyan motocin wasu su ɗaukar mana buhu. Wani lokaci mota ta cika, a bar mu da kaya a rana. Sai muka yi shawara, ni da wana da ƙanena, mu sayi a-kori-kura tamu ta kanmu. Ƙanena ya iya tuƙi, yana da takardarsa. Muka tsai da magana a kan Toyota Hilux, tsohuwar yayi, mai shan gazuwal. Dalili shi ne tana jure rairayi, kuma kayan gyaranta ba su da wuyar samu.

Wannan abu ya faru kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Saboda haka kada ka ɗauki kuɗin da zan faɗa ka tafi da shi kasuwa yau. Hanyar cinikin za ka ɗauka.

Ga yadda muka tara kuɗin. Ƙanena ya yi shekara uku yana ci-rani, ya kawo jikka 2.500. Wana ya sayar da bajimai huɗu, ya sami jikka 1.800. Ni na zuba jikka 2.300 na wake da aya da ɗan abin da na ajiye. Matata ta sayar da ragunanta, ta haɗa da kwasar adashi, ta ba da jikka 400. Duka ya kama jikka 7.000, wato miliyan 7.

Ka ga ba kuɗina ba ne ni kaɗai. Gumin gida guda ne. Daren da zan tafi ban yi barci ba. Ina tuna wani kawunmu. Shi ma ya taɓa sayen mota, Peugeot 504, tun muna samari. Ya shiga wuri ɗaya, ya ga mota tana ƙyalli, ya biya nan take. Bai taya ko'ina ba, bai iya karanta takarda ba. Ashe ba a biya mata duwan ba. Ba ta yi wata uku a hannunsa ba aka tsare ta, kuma doka ce ta tsare ta. Kafin ya fid da ita sai da ya jinginar da gona. Har ya rasu yana cewa gaggawa ce ta ci shi.

Da asuba wana ya raka ni bakin hanya. Ya ce: «Ka san abin da ke cikin jakar nan. In ba ka ga ta kirki ba, ka komo da kuɗin. Ba wanda zai yi maka dariya.»

Abin da na fara yi

Ban shiga gidan mota da kuɗi a jiki ba. Na kai su gidan wani ɗan uwanmu mai shago a Maraɗi. Muka ƙirga tare, ya rubuta, na rubuta, ya ajiye. Abin da na riƙe a aljihu shi ne ɗan littafi na dala ashirin da alƙalami.

A shafin farko na rubuta jikka 7.000. Na cire jikka 600 na ajiye gefe. Wannan na sauya takardar mallaka ne zuwa sunanmu, wadda ake ce ma kart giris, da asirans, da mai, da abin da ba a rasa ba. Saura jikka 6.400. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Wannan ita ce iyakata. Na yi ma kaina alkawari ba zan haura ta ba, ko motar zinariya ce.

Sannan na nemi bakanike. Ban ɗauki wanda mai mota zai kawo mini ba. Na ɗauki wani dattijo da ɗan uwanmu ya daɗe da sani, wanda ba shi da haɗi da masu sayarwa. Muka shirya zan ba shi jikka 15 na yawon kwana uku.

Ga wani abu da ya kamata ka sani. Mu da baki muna ƙirga kuɗi da dala da jikka. Amma a takarda ba haka ake rubutawa ba. Dala guda 5 ce a rubuce. Jikka guda 1.000 ce. In ka ga an rubuta 6.800.000, ka rufe sifiri uku na ƙarshe da yatsa. Abin da ya rage, 6.800, shi ne yawan jikka. Wannan ƴar dabara ta hana a ruɗe ni da yawan sifiri.

Me ya sa kuɗin mota ba ɗaya ba ne?

A hanya bakanike ya yi mini bayani. Yawancin motocin nan an riga an yi aiki da su a Turai. Ana loda su cikin jirgin ruwa, da yawa daga Anbas ta ƙasar Beljiyam. Shi ya sa a wasu wurare ake ce ma irinsu ƴan Beljiyam. A lokacin, jirgi yana sauke su a Kotonu. Daga nan a tuƙo su ta Paraku zuwa Malanbil, su haye gadar kogin Kwara su shigo Gaya. Sai Dosso, sai Dogon Dutsi, sai Birnin Ƙonni, sai Maraɗi.

Kowace mota da nata kuɗin da ta ci a hanya: kuɗin saye, kuɗin jirgi, kuɗin tashar ruwa, ladan direba, mai, da duwan. Can Turai da kuɗin yuro ake saye. Yuro guda kusan sefa 656 ne, kuma haka yake tun 1999. Dattawa suna tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake kawowa daga waje ya yi tsalle. Haka kuma bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, da aka rufe gadar Gaya, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko kaya ya ƙaru.

To, wani ya sayo tasa da sauƙi, wani ya sayo da tsada. Wani motarsa ta yi wata shida a fili ba mai taya, kuɗinsa sun kwanta. Wani ana binsa bashi, yana son ya sayar yau. Wani kuwa ba ya cikin matsi, zai iya jira. Kai mai saye ba ka san halin da kowa ke ciki ba. Ba kuma wanda zai gaya maka. Hanya ɗaya ce ta ganewa: ka taya a wurare da yawa.

Gida huɗu, shafi huɗu

Gidan farko na wani Alhaji ne, dattijo mai fara'a. Tun daga ƙofa wani dillali ya manne mana. Na tambaye shi tun da wuri: in ciniki ya faɗa, wa zai biya la'ada? Ya ce mai mota. Na rubuta. Dillali sana'arsa yake yi, ba laifi. Amma ka san ba ya samun kome sai an saya. Saboda haka kowace mota a bakinsa lafiyayya ce.

Akwai Hilux fara. Bakanike ya taɓa injin ya ji da sanyi, sannan ya sa aka tayar. Ya ce mota mai ciwo takan ɓoye ciwonta in an riga an ɗumama ta. Ya dubi hayaƙi. Ya zaro sandar mai ya murza a yatsa. Ya kwanta ƙarƙashi yana neman tsatsa da walda da yoyo. Muka zagaya da ita har bayan gari. Da muka komo bai ce kome ba, sai ya ɗan taka mini ƙafa. Na gane ta yi masa.

Na ce: «Alhaji, nawa?»

Ya ce: «Jikka 7.200, Malam.»

Na taya 5.500. Ya yi dariya ya ce albarka. Muka ja, muka ja, ya tsaya a 6.800. Ya ce daga nan ko dala ba ya ragewa. Na roƙi ganin takardu. An biya duwan. Na buɗe littafina na rubuta: gida na 1, fara, 6.800, duwan an biya, taya da kyau, ba gyara. Na yi godiya na miƙe.

Dillali ya biyo ni har titi. Ya ce akwai wani mutum daga Tasawa da zai zo da kuɗi da la'asar. Gabana ya faɗi, don motar ta shiga raina. Bakanike ya ce mini a hankali: «In rabonka ce, za ka tarar da ita.»

Gida na biyu wani saurayi ne mai saurin baki. Tasa shuɗiya ce. Ya fara da 6.000, nan da nan ya sauko 5.600. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina ga rangwamen jikka 1.200. Sai na tambayi takardar duwan. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, in na saya sai in je in biya. Muka je wurin masu fid da kaya a duwan muka tambaya. Suka duba irin motar da shekarunta, suka ce in shirya wajen jikka 1.100. Tayoyinta huɗu kuma sun cinye, sababbi jikka 240. Na zauna gindin bedi na haɗa: 5.600 da 1.100 da 240. Ya ba ni 6.940. Ashe mai arahar ta fi ta Alhaji tsada. Gaskiyar Hausawa, araha ba ta ado.

A nan bakanike ya koya mini karatun taya. A gefen taya akwai rubutu. Ka nemi inda aka sa DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3519, an yi tayar a mako na 35 na shekarar 2019. Taya takan tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, balle a zafin ƙasarmu.

Gida na uku na wani mutum ne mai sanyin magana. Tasa ma fara ce, shekararsu ɗaya da ta Alhaji. An biya duwan. Ya tsaya a 6.300. Amma batirinta ya mutu, sabo jikka 50. Kulocinta kuma yana zamewa, bakanike ya ce gyara jikka 150. Na haɗa, ya kama 6.500.

Gida na huɗu ba gida ba ne sosai. Wani ne ya kira mu wani lungu, ya nuna mana mota mai kyau, ya ce jikka 5.000 in za a biya yau. Na karɓi takarda. Kowace mota tana da lambar jiki, wadda aka buga a ƙarfen gindinta, kuma aka sa a wani ɗan faranti. A motocin da aka ƙera domin Turai, lambar nan haruffa ne da lambobi guda 17. Tilas ta jikin mota da ta takarda su zama ɗaya. Na tsuguna na goge ƙura, ina bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kamar yadda muke bin baƙi a aji. Na goma sha biyar a takarda 3 ce. A jikin mota 8 ce. Na sake bi. Haka dai. Mutumin ya ce kuskuren magatakarda ne. Mai yiwuwa gaskiyarsa. Amma ni ba zan zuba kuɗin gidanmu a kan mai yiwuwa ba. Na mayar masa da takardarsa, na ja layi na soke shafin.

Ka lura, mai karatu. Da baki, kuɗin motocin nan 6.800 ne, da 5.600, da 6.300, da 5.000. A littafi kuwa, bayan an haɗa kome, 6.800 ne, da 6.940, da 6.500, ta huɗu kuma babu ita. Ba kuɗin da aka faɗa maka za ka gwada ba. Kuɗin da za ka kashe kafin mota ta hau hanya lafiya, shi za ka gwada.

Inda na yi kuskure

Rana ta biyu na koma wurin Alhaji. Motar tana nan. Mutumin Tasawa bai zo ba. Muka gaisa, aka kawo shayi.

A nan shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Na ce: «Alhaji, na sami irin taka a wani gida, an sallama mini a 5.900.»

Ya ce: «Wane gida?»

Na faɗa masa. Bai ce kome ba. Ya zaro waya daga aljihu, ya kira, ya sa kowa na ji. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Ashe tare suke zuwa Kotonu. Ya ce: «Farar nan taka, nawa ka bar ma baƙon Sabon Maci?» Na ji muryar mutumin da kunnena: «6.300.»

Alhaji ya kashe waya. Ya dube ni, ya ce: «Malam, sha shayinka kada ya huce.»

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina da furfura a gemu, ga yara suna kallo. Na ajiye kofi, na yi sallama, na fita. Bakanike bai yi mini magana ba sai da muka yi nisa. Ya ce: «Kana da gaskiya a aljihu, ka bar ta ka ɗauko ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu motocin garin nan duk sun san juna.»

Daren nan na yi tunani. Ƙaryar ba ta rage mini ko dala ba. Ta dai rage mini mutunci. Kuma ko da ba a kama ni ba, ai cin dukiyar mutum ne da yaudara. Malamanmu suna hana mai sayarwa ya ɓoye aibin kaya. Suna hana a sa wani ya yi tayin ƙarya don a ruɗi mai saye. To, mai saye ma bai da izinin ƙirƙiro tayin da ba a yi ba.

Littafi a buɗe

Da safe na koma. Na ce: «Alhaji, jiya na yi abin kunya. Ka gafarce ni. Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, tsoro ne ya sa ni.» Na buɗe littafin na miƙa masa. Na nuna masa shafi huɗu, da lissafin kowane.

Ya sa tabarau ya karanta. Ya daɗe a shafi na uku. Ya ce: «Wa ya koya maka wannan?» Na ce ajin yaƙi da jahilci. Ya girgiza kai, ya ce: «Da haka ka zo jiya, da mun gama. Waccan za ta tsaya maka 6.500 bayan gyara. To, ni ma na bar maka tawa 6.500, kuma ba ka gyara kome.»

Ka gani? Mutumin da ya ce ko dala ba ya ragewa ya rage jikka 300. Ba don bakina ba. Don ya ga da idonsa ina da wata ƙofa.

Ban ce na saya ba. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Na tafi gida na uku, na gaya ma mai shi gaskiya: Alhaji ya sauko 6.500, kuma tasa ba ta son gyara. Ya yi shiru. Ya ce motar ta daɗe a hannunsa, yana son ya juya kuɗin. Zai bar ta 6.100, kuma shi zai sa sabon batir. Na rubuta a gabansa: 6.100 da gyaran kuloci 150, ya kama 6.250. Na ce masa ban ɗaure magana ba tukuna, zan komo in faɗa masa ko na saya ko ban saya ba.

Na sake komawa wurin Alhaji na nuna masa. Ya ce: «Kai ma ka san tawa ta fi.» Na ce: «Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake ta zarya. Amma tsakaninku yanzu jikka 250 ne. In ka bar ta 6.300, yau zan biya.» Ya ce albarka, 6.500 ɗin dai. Na dubi layi biyun da na ja a shafin farko. 6.500 ta haura iyakata. Na yi godiya, na ce gobe da safe zan ɗauki waccan. Na fita, kuma da gaske nake. Ba wasa ba ne irin na mai fita yana waiwaye.

Bayan sallar isha'i waya ta yi ƙara. Alhaji ne. Ya ce: «Malam, kawo 6.350. Na sallama.»

Na tambayi bakanike. Ya ce injin ta Alhaji ya fi lafiya nesa, jikka 100 da ke tsakani ba kome ba ne. Na kira wana da ƙanena na karanta musu lissafin. Suka ce in saya. Na ce ma Alhaji na saya.

Da safe, kafin in je biya, na bi ta gida na uku. Na gaya ma mai shi na ɗauki ta Alhaji, na yi masa godiya. Ya ce Allah ya sa albarka, wata rana ma yi ciniki. Wannan wajibi ne. Wanda ya rage maka kuɗi yana jiranka, kada ka bar shi a rataye.

Ka kuma riƙe wannan. Yawon gwada tayi kafin a sallama ake yinsa. Da zarar ka ce na saya, ya ce na sallama, magana ta ƙare. Ko wani ya zo maka da mai sauƙi bayan nan, ba ka tashi. Shi ya sa ban ba kowa kafin alƙalami ba sai da na gama zagaye. Wanda ya ajiye kuɗi a gida ɗaya ya ɗaure ƙafarsa da kansa.

Wajen biya, muka zauna da shaidu biyu, ɗaya nasa, ɗaya nawa. Aka rubuta takardar ciniki: ranar, sunan mai sayarwa, sunan mai saye, irin motar, lambar jikinta duka 17, da kuɗin, a lamba da kuma a kalmomi. Aka rubuta la'ada tana kan mai sayarwa. Na karanta da kaina, sannu sannu, ba wanda na bari ya gaggauta ni. Na sake gwada lambar da ta jikin mota. Sannan aka ƙirga kuɗi, kowa ya sa hannu. Ni ma na sa hannu da alƙalami, ba da dangwale ba.

Abin da ya rage a hannu

Kwana uku na yi a Maraɗi. Ladan bakanike da abinci da kuɗin kabu-kabu duka ba su kai jikka 40 ba. Da na tsaya a gidan farko ranar farko, da na biya 6.800. Na biya 6.350. Tsakani jikka 450 ne. Ka tuna wana ya sayar da bajimai huɗu a jikka 1.800? Kowane ya kama 450. Wato ɗan littafin dala ashirin ya maido mana bajimi guda.

Ƙanena ya zo ya tuƙo mu. Muka wuce Tibiri da hantsi, muka kama hanyar gida. Da muka iso, yara suka biyo mu da gudu. Na miƙa ma wana takardu da sauran kuɗi da littafin. Bai iya karatu ba a lokacin. Ya juya shafi, ya juya, ya ce in karanta masa. Na karanta duka, har wurin ƙaryar, don na rubuta ta ita ma. Ya yi dariya har da hawaye. Da rani ya kewayo, shi ma ya shiga aji.

To, ɗan uwa, ga abin da na gani. Mai sayarwa ba abokin gaba ba ne. Yana neman riba, kana neman sauƙi, kowa da gaskiyarsa. Shi ya san kasuwa, kullum a cikinta yake. Kai baƙo ne, wataƙila sau ɗaya za ka yi irin wannan saye a rayuwarka. Abin da zai daidaita ku shi ne tayin maƙwabcinsa, in ka riƙe shi a rubuce kuma ba ka ƙara masa gishiri ba.

Ran da za ka sayi babban abu, ka rubuta iyakarka tun daga gida. Ka taya aƙalla wuri uku. Ka haɗa kuɗin gyara da na takardu kafin ka ce wannan ta fi sauƙi. Ka tafi da wanda ya san abin, ka biya shi ladansa. Ka faɗi gaskiya. In an haura iyakarka, ka yi godiya ka tashi.

Motar tana nan tana aiki tsakanin Sabon Maci da Kornaka da Maraɗi. Littafin ma yana nan cikin akwatina. In ka biyo ta garinmu ranar kasuwa, ka tambayi mai farar Hilux, zan nuna maka shi.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu. Amin.